Lambar da Mudathir Ya Bari

Asabar, 11 ga Satumba, 2021

Kwana na uku babu sabis a Jibiya. Sun ce saboda 'yan bindiga aka yanke, kuma ba wanda ya san ranar da za a dawo da shi. Wayata ta koma agogo da tocila.

Na sayi littafin nan ne don tsara darasin 'yan aji shida, sai ga ni ina rubuta wannan. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Wata biyar da rabi ke nan da rasuwar mijina Mudathir. Sanƙarau, kwana shida kacal. Na fita takaba tun farkon Agusta, Umma tana ta kira daga Daura in koma gida, ina ce mata sai zangon karatu ya ƙare. Gaskiyar magana, kwamfutarsa tana cikin jaka a saman sif, ban taɓa ta ba tun ranar da ya kwanta, kuma ba zan iya barin garin nan ban buɗe ta ba.

Saƙo na ƙarshe da ya shigo mini kafin a yanke daga Dakta Salmatu ne, 'yar Zariyan nan da ke aiki a Afirka ta Kudu, wadda take duba masa aikin digirinsa na uku. Ta ce jami'arsa ta yarda: idan aka kammala maƙalarsa ta ƙarshe aka tura wa mujalla kafin Nuwamba ya fita, za su duba yiwuwar ba shi digirin ko da ba ya raye. Ta ce ni kaɗai na san yadda yake ajiye kayansa, kuma ni ma fiziks na karanta.

Ban samu na ba ta amsa ba.

Talata, 14 ga Satumba

Na buɗe kwamfutar. Na kai ta shagon caji na sola da safe, na karɓo da na taso daga makaranta.

Fayil uku a jere: "na ƙarshe", "na ƙarshe biyu", "na ƙarshe wallahi". Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, dariyar ta ƙare da wani abu daban. Inna, mahaifiyar Mudathir, ta leƙo ta taga, ta koma.

Laraba, 15 ga Satumba

Bari in rubuta wa kaina abin da yake nema, da Hausa, yadda yake yi wa mahaifiyarsa bayani, don in tabbata na riƙe zaren.

Sararin samaniya yana faɗaɗa. Gungun taurari suna ƙara nisa da juna, kuma saurin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Abin da ke tura su ba a san shi ba. Ba ya haske, ba a taɓa kama shi ba, amma kusan kashi bakwai cikin goma na duk abin da ke akwai shi ne. Mudathir yana ce masa ɓoyayyen makamashi. Yawancin masana sun ɗauka yana nan daram, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Shi kuwa tambayarsa ita ce: idan yana zagwanyewa a hankali fa? Idan yana rikiɗa ya zama haske, ko ya zama abu mai nauyi?

Ga yadda za a gane na hasken. Akwai wani tsohon haske da ya cika ko'ina tun farkon al'amari, yana hucewa yayin da sarari ke faɗaɗa, bisa ƙa'idar da aka sani. Idan ɓoyayyen makamashi yana zuba masa sabon haske, hucewar za ta kauce wa ƙa'ida. Masu manyan madubin hangen nesa sun auna zafin tsohon hasken nan a wurare masu nisan gaske, wato yadda yake a zamanin da, sun wallafa. Shi ba shi da madubi. Yana da kwamfuta da haƙuri. Ya tattara awon mutane, guda sittin da huɗu, ya matse su suka ba shi lamba ɗaya. In lambar sifili ce, babu zagwanyewa.

Shi ya samu 0.031, da shakku na 0.010. Ninki uku na shakkun.

Ina tuna ranar, cikin Fabrairu. Ina kwashe tuwo, ya fito tsakar gida ba takalmi, kwamfuta a hannu. "Zulfa, ba sifili ba ce! Wallahi ba sifili ba ce!" Kaji suka watse.

Alhamis, 16 ga Satumba

Yaya Isah, wan Mudathir, ya kawo mini layin Nijar. Ya ce a Magama, dab da iyaka, sabis ɗinsu yana tsallakowa, mutane can suke zuwa kira yanzu. Bayan Azahar ya sauke ni a motarsa zai wuce garin Ɗan Isa, cikin Nijar.

Ban taɓa ganin haka ba. Gaba da shingen kwastan kaɗan, mutane sun fi ɗari a gefen titi, kowa ya ɗaga waya sama. Wani a kan tarin buhuna, wani a kan bishiyar dalbejiya. Wani tsoho yana ihu cikin waya, "Muna nan lahiya, ka gaya ma uwarka!" Ni kuwa ga jaka a rataye, na rasa inda zan tsaya cikin maza.

Wata mata mai rumfar dambu da awara ta yafito ni. Fati sunanta, 'yar Ɗan Isa ce, aure ya kawo ta wannan ɓangaren. Ta ce, "Taho ki zamna nan, Malama, nan bayan turmi rezo ya fi kamawa." Sabis take nufi, kuma da gaske kuwa. Sanda biyu.

Na rubuta wa Dakta Salmatu: zan yi.

Lahadi, 19 ga Satumba

Mata sun zo gaishe da Inna daga Farfaru. Ina jin ta daga ɗaki: "Auta ya gano wani abu cikin sama wanda ko masu madubin ba su gani ba. Takarda za su aiko mishi, ko da shina ƙasa." Suka yi ta Allah ya ji ƙansa.

Ba ta faɗin wannan a gabana. Ni dai tambaya ɗaya take mini in na dawo: "An aiko?"

Laraba, 29 ga Satumba

Sau uku a mako nake zuwa Magama yanzu. Fayil ɗin da zai sauka cikin minti biyu a Katsina, nan sai ya ci La'asar. Wani lokaci ya kai kusan ƙarshe ya tsinke.

Ajina na fiziks ya koma mutum tara daga ashirin da biyu. Na ƙauyukan Kusa da Mazanya iyayensu sun kwashe su. Yau na koyar da saurin haske ga benci.

Fati ta tambaye ni, "Mi kike biɗa cikin wanga akwati kullum?" Na ce aikin mijina nake ƙarasawa. Ta ce na mene. Na ce na taurari. Ta dube ni, ta zuba mini dambu a leda, ta ce ita lakwal, wato makarantar boko, aji uku ta yi, amma ta san duk aikin da mamaci ya bari nauyi gare shi.

Litinin, 4 ga Oktoba

Rubutunsa ya kusa kammala. Abin da ya rage jadawali ne: mujalla tana son kowane awo a nuna sunan wurin, matsayinsa a sama, da wanda ya auna. Shi sunaye kawai ya jera. Aikin akawu. Ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

A gefen wani shafi ya rubuta wa kansa: "A saya wa Z. man kitso." Ban san ko ya saya ba.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Gidan shiru. Na wanke labulen ɗaki don in samu abin yi.

Asabar, 16 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi ina cika jadawali, na zo layi na arba'in da ɗaya, na rubuta matsayinsa a sama, sai na ji kamar na taɓa rubuta lambobin nan. Na koma baya. Layi na bakwai. Wuri ɗaya ne. Ƙungiyoyi biyu na masu bincike sun auna taron gungun taurari guda, kowacce ta sa masa sunanta, kuma ta biyun ma da bayanan ta farko ta yi amfani. Shi ya ɗauke su shaidu biyu, alhali shaida ɗaya ce ta canza riga.

Na ce to, ɗaya ne, ba komai. Na jera dukansu bisa matsayi maimakon suna.

Goma sha ɗaya.

Kuma su ne mafiya nauyi a lissafin, kuma yawancinsu gefe ɗaya suka karkata.

Na cire su na kunna lissafin. Ya ɗauki minti arba'in, ina zaune ina kallon fanka da ba ta juyawa. Ya fito 0.009, da shakku na 0.014. Wato sifili tana zaune a tsakiyar shakkun, hankalinta kwance.

Na sake sau huɗu har caji ya ƙare.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Mudathir, me ya sa ba ka duba ba? Kai da kake ƙirga ƙwai sau biyu kafin ka bar shago.

Talata, 19 ga Oktoba

Hutun Mauludi. Inna ta sa an yi waina an raba wa maƙwabta sadaka da sunansa. Na taya suya, hayaƙi ya ba ni uzurin ido.

Akwai abin da ban rubuta ba ran Asabar. Cikin Fabrairun nan, kwana biyu bayan ya fito yana ihu, ya miƙo mini jerin a takarda. Ya ce, "Duba min wannan, idonki ya fi nawa kama kuskure." Ina gyaran takardun jarrabawa, ɗari da wani abu. Na ce ajiye, sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo muka tafi biki Daura. Bai sake tambaya ba, ni ma ban tuna ba.

Takardar tana nan. Na same ta jiya cikin littafin maki, a ninke yadda ya ba ni.

Da na duba a lokacin, da shi da kansa ya gyara. Da ya yi fushi, da ya huce. Da ba ni ce zan zauna da wannan ni kaɗai ba.

Asabar, 23 ga Oktoba

Ba wanda zai gani. Wannan tunanin nake ta kora yana dawowa. Dakta Salmatu ta karanta rubutun sau biyu tun yana raye ba ta gani ba. Sunayen daban ne. Idan na bar jadawalin yadda ya tsara, sunaye kawai, na ce matsayin yana cikin maƙalun asali ga mai so... Wataƙila wani ya gano bayan shekara biyu. A lokacin takarda ta iso, Inna ta riƙe ta a hannunta. Shekarunta saba'in da wani abu, ga hawan jini.

Sannan in an gano, sunan wa za a kira? Nasa. Ba ya nan balle ya ce uffan.

Na yi sallar La'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Laraba, 27 ga Oktoba

Na je Magama, na zauna bayan turmi, ban buɗe jaka ba. Manyan motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi suna kwance a inuwar tayoyi. Saƙon Dakta Salmatu ya shigo waya: "Ina jadawalin? Lokaci yana tafiya." Na kife wayar.

Fati ta ce, "Yau ba ki taɓa akwatin ba." Na ce kaina ke ciwo. Ta ce uhum.

Can da kasuwa ta lafa ta zauna kusa da ni tana kankare tukunya. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Mijinta ya tafi Agadas, daga can ya ce zai wuce Libiya. Shekara huɗu. Kira biyu a shekarar farko, daga nan shiru. Shi ya sa ba ta canza layi, shi ya sa ta kafa rumfa inda rezo yake. Wani ɗan garinsu ya dawo bara ya ce ya gan shi lafiya lau, shina aikin gini. Ta yi wata uku tana murna. Daga baya matar mutumin ta faɗa mata bai gan shi ba, tausayinta ya ji.

Ta ce, "Har yau ban gaishe shi. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya fi mini."

Ba ta san abin da ke jakata ba. Na ci dambun da ta zuba mini duka, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Asabar, 30 ga Oktoba

Na tura wa Dakta Salmatu. Jadawalin duka da matsayi, layuka goma sha ɗaya da jan launi, tsohuwar lamba da sabuwa. Na rubuta jimla uku kawai. Sau biyu yana tsinkewa, na uku ya tafi.

Na dawo gida a ƙafa daga tasha. Inna ta ce, "An aiko?" Na ce tukuna.

Talata, 2 ga Nuwamba

Dakta Salmatu ta kira ta intanet, ina rumfar Fati. Murya tana zuwa tana ɗaukewa, ga injin markaɗe a gefe. Abin da na tsinta:

"...na bi su ɗaya bayan ɗaya, kin yi daidai... ni ya kamata in gani, Zulfa, aikina ne, ba naki ba..."

Na ce to shi ke nan, aikin ya rushe.

"Wa ya ce miki? Maƙalar ce ta canza." Ta ce yanzu ba za mu ce mun ga zagwanyewa ba. Za mu ce: mun tace awo hamsin da uku, ba maimaici, kuma idan ɓoyayyen makamashi yana rikiɗa ya zama haske, to bai wuce kaza ba. Iyaka. Ta ce yawancin aikin fagen nan haka yake, kowa ya matso da katanga kaɗan ya bar wa na baya. Ta ce jerin maimaicin ma kansa zai hana wani faɗawa ramin.

Na ce jami'a fa?

Ta ce, "Ban sani ba. Zan faɗa musu yadda abin yake. Babi guda ne cikin biyar, amma shi ne wanda suka yi ɗoki a kansa."

Sannan ta ce sunana zai shiga maƙalar, bayan nasa. Na ce a'a, ni jadawali kawai na cika. Ta ce wani abu da ban ji ba, layin ya mutu.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Na faɗa wa Inna.

Bayan La'asar, tana ɓarar gyaɗar da Yaya Isah ya samu ya kwaso daga gonar Farfaru. Na durƙusa gefen tabarma. Na ce, Inna, abin nan da ya gano a sama, na duba lissafin, akwai kuskure. Abin ba ya nan. Ko in yana nan, bai kai a gan shi ba.

Hannunta bai tsaya ba. Ta ɓare ta jefa, ta ɓare ta jefa.

"Wa ya ce da kuskure?"

Na ce ni.

"Ke."

Na ce e, Inna.

"Takardar hwa?"

Na ce mai yiwuwa su bayar, mai yiwuwa su hana.

Ta tattara ɓawon a zaninta, ta tashi ta shiga ɗaki. Gyaɗar tana nan a faranti har kaji suka fara zuwa, na ɗauke.

Talata, 9 ga Nuwamba

Kwana uku. Ina gaishe ta tana amsawa, iyakarta ke nan. Ta daina tambaya ko an aiko. Jiya maƙwabciya ta shigo ta ce ina labarin takardar Auta, Inna ta ce, "Sai abin da Allah ya yi," ta kawo zancen tsadar gero.

Ban san gida mai mutum biyu zai iya yin shiru haka ba. Na fara ninke kayana a akwati, na kuma fasa.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita makaranta, ta tsaya a bakin ƙofata. Ba ta taɓa tsayawa nan ba tun rasuwar.

"Malama. Tambaya ɗaya. Ƙarya ya yi?"

Na ce a'a wallahi, Inna. Abu ɗaya ya ƙirga sau biyu bai sani ba, saboda an sa masa suna biyu.

"Da shina da rai, ya gani, mi zai yi?"

Na ce da ya yi kwana uku ba ya cin abinci, ba ya yi wa kowa magana, sannan ya zauna ya gyara.

Sai ta yi wani sauti, ban san dariya ba ne ko kuka. Ta ce haka yake tun shina ƙarami. Wai ya taɓa faɗuwa lissafi a aji huɗu, ya shige rumbu ya ƙi fitowa, sai da mahaifinsa ya ciro shi da ƙafa.

Ta goge ido da gefen mayafi. "To ki gyara mishi da kyau. Kar a tura abin da za a yi mishi dariya."

Na makara aji na farko. Ban damu ba.

Ban faɗa mata zancen takardar Fabrairu ba. Wataƙila wata rana.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Kwana goma ina sake rubutu. Duk inda ya ce "mun gano" na mayar "ba mu ga alama ba". Akwai sakin layi guda a ƙarshe da ya yi ta gyarawa, inda yake bayanin abin da zai biyo baya idan makamashin yana ƙarewa, yadda makomar sararin samaniya za ta canza. Ya karanta mini shi sau ba adadi. Kyakkyawan rubutu ne. Na yanke shi. Na kwafe shi a bayan littafin nan tukuna.

Dakta Salmatu ta dawo da gyara arba'in da shida. A na talatin ta yi kuskuren alama, na nuna mata. Ta amsa da kalma ɗaya: "Madalla."

Juma'a, 26 ga Nuwamba

An tura wa mujalla, ƙarfe huɗu da minti goma, daga bayan turmin Fati. Suna uku a sama. Ban sake musu ba.

Na ce wa Fati an gama. Ta ce, "To yanzu ba ki sake zuwa ke nan." Na ce zan zo. Ta ce kowa haka yake cewa.

Na zaci zan ji sauƙi. Abin da na ji kamar an kwashe kayan ɗaki.

Laraba, 1 ga Disamba

Sanyi ya fara. Na fito da bargo ɗaya, na mayar da ɗayan.

Lahadi, 12 ga Disamba

Sabis ya dawo. Ina shara sai wayar ta yi ta ƙara a kan gado, saƙonnin wata uku suna shigowa a guje, har na tsorata. A unguwa ana ta guɗa kamar an yi haihuwa.

Dakta Salmatu: kwamitin jami'a ya karɓi kundin da babin da aka gyara, za su zauna a kai bayan sabuwar shekara. Ba alkawari. Mujalla kuma ta miƙa wa masu tantancewa. Na karanta wa Inna, na fassara. Ta ce Allah ya sa mu ji alheri, ta ci gaba da jan carbi.

Umma ta kira. Zango ya ƙare, yaushe zan taho? Na ce zan zo hutu, mako biyu. Ta ce hutu? Na ce e, 'yan aji shida suna da jarrabawa a gaba.

Da yamma na je Magama ba jaka. Gefen titin fayau, duk masu ɗaga waya sun watse. Fati tana nan, wayarta a jingine jikin turmi. Na taya ta yanka awara.

Asabar, 18 ga Disamba

Tambayarsa kashi biyu ce: haske, ko abu mai nauyi. Na hasken ya yi. Na biyun take kawai ya rubuta a shafi, ƙasansa fari fat.

Wannan ba a gane shi ta zafin tsohon haske. Idan makamashin yana rikiɗa ya zama abu mai nauyi, to nauyin da ke cikin sarari ba zai sirance da saurin da ake zato ba, kuma hakan zai nuna a nisan taurari masu fashewa da yadda gungun taurari suka jeru. Bayanan suna nan kyauta, yanzu daga kan gadona suke sauka. Ran Laraba na ce bari in leƙa kawai. Yau kwana huɗu. Abu na farko da na yi, na jera su bisa matsayi.

Ba wanda ya sa ni. Dakta Salmatu ma ba ta sani ba. Ɗazu da na kunna gwajin farko, sai da ya yi nisa na lura ban roƙi Allah ya fito ta wani gefe ba. So nake in ga abin da zai fito, shi ke nan.

Na fito da tabarma tsakar gida saboda rana, takardu sun bazu, na danne su da duwatsu. Inna ta zo wucewa da buta, ta tsaya tana kallo.

"Ba an gama na Auta ba?"

Na ce an gama.

"To wanga na wa ne?"

Na ce, nawa ne, Inna.

Haka kawai ya fito daga bakina. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta sa ƙafa ta gyara dutsen da ke kan wata takarda da iska ke son ɗagawa, ta wuce alwala.

Ban gyara maganar ba.